Kwantenar manhaja: yadda ake haɗa ƙunshi marar nauyi don kare bayanan jama'a

Ƙarshen kowane wata, majon asibitin CSI na Korahane, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, yakan tattara abin da ke cikin rajistocinsa: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awo, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro, magani nawa ya saura. Alƙaluman suna bi ta gundumar lafiya ta Dakoro, su shiga DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara bayanan lafiyar ƙasa da ita. Daga nan sun bar hannun majo. Sun koma cikin wata babbar kwamfuta mai aiki dare da rana, wadda ake kira sabar, ko serveur da Faransanci.

Haka yake ga kuɗin da ɗan ci-rani ya turo wa iyayensa ta Nita, Amana ko Al Izza, da megar da ake saye a Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms. Bayan kowace hulɗa akwai sabar da ke karɓa, ta rubuta, ta ba da amsa. Idan ta tsaya, aiki ya tsaya. Idan ɓarawo ya shige ta, sunaye da lambobin waya da sirrin lafiyar mutane suna hannunsa.

A duniyar yau, manhajojin sabar da yawa ana ɗora su ne cikin abin da ake kira kwantena. Ga bayanin mene ne ita, yadda ake haɗa ta, da dalilin da ya sa masu sana'ar ke dagewa a kan ƙa'ida ɗaya: kada a zuba a ciki sai abin da aikin ke buƙata.

Daga ina sunan ya fito?

Ƴan kasuwar Maraɗi sun san kwantena tun kafin masu kwamfuta su ari sunan. Ita ce akwatin ƙarfen nan da ke saukowa daga jirgin ruwa a Kwatano ko Lome, a ɗora shi a kan tirela, ya iso da hatiminsa. Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ya yaɗa dabarar: ranar 26 ga Afrilun 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da akwatuna 58. Kafin nan, buhu-buhu da ganga-ganga ake lodawa da hannu. Da aka daidaita girman akwatin, sai ya zama jirgi da jirgin ƙasa da tirela duk suna ɗaukarsa ba tare da sun damu da abin da ke ciki ba.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da irin wannan matsalar lodi. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Tana dogara da ƙananan sassa da wasu mutane suka rubuta, kowane da nasa zubi da lambarsa. Injiniya zai gama aiki a kwamfutarsa a Yamai komai lafiya, a kai sabar, sai ta ƙi tashi saboda wani sashe ɗaya ya bambanta. Kwantenar manhaja ta magance wannan: ana haɗa manhajar da duk sassan da take buƙata wuri ɗaya, a rufe, yadda duk sabar da aka kai ta za ta yi aiki iri ɗaya.

Dabarar killace manhaja tsohuwa ce. Tsarin Unix ya samu umarnin chroot a 1979, FreeBSD ya fito da nasa salon a 2000, sannan a 2008 Linux ya karɓi wata hanya da injiniyoyin Google suka rubuta ta iyakance ƙarfin da kowace manhaja za ta ci. Amma Docker ne ya sauƙaƙa abin ga kowa. Solomon Hykes, wanda ya tashi a Faransa, ya gabatar da shi a watan Maris na 2013. A 2014 Google ya fitar da Kubernetes don sarrafa kwantenoni masu yawa, a watan Yunin 2015 kuma manyan kamfanoni suka kafa ƙawancen OCI don a samu ma'auni ɗaya, kamar yadda aka yi wa akwatin jirgin ruwa.

Ƙunshi daban, kwantena daban

Akwai kalmomi biyu da ake yawan haɗawa. Na farko shi ne abin da masu sana'ar ke kira image. Ba hoto ba ne, don haka a nan za mu kira shi ƙunshi: tarin fayiloli ne da aka haɗa aka rufe, ba ya motsi, ba a canza shi. Na biyu ita ce kwantena, wato ƙunshin a lokacin da aka tayar da shi yana aiki. Kamar mazubin bulo ne da bulon: daga mazubi ɗaya ana buga bulo dubu, kuma idan mazubin ya karkace, duka dubun a karkace za su fito. Shi ya sa maganar tsaro ke farawa daga ƙunshi.

Ana gina ƙunshi ne hawa-hawa. Hawa na ƙasa shi ne tushe, galibi wani ɓangare na Linux kamar Debian, Ubuntu ko Alpine. A kansa a ɗora sassan da ake buƙata, a kan su kuma a ɗora manhajar kanta. Ana rubuta wannan jeri cikin ɗan fayil mai suna Dockerfile, wanda shi ne takardar girkin. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: hawan da aka riga aka rufe ba ya gogewa. Idan aka sa fayil a hawa na biyu, aka share shi a hawa na uku, ido ba zai gan shi ba, amma yana nan a ƙasa, kuma duk wanda ya samu ƙunshin zai iya tono shi.

Kwantenonin da ke kan sabar ɗaya suna tarayya a zuciyar Linux ɗaya, wadda Faransawa ke kira noyau. Kamar ƴan haya ne a gida ɗaya: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma harsashi da rufi na kowa ne. Wannan ne ya sa kwantena take tashi cikin sakanni kuma ba ta cin wuri da yawa. Shi ne kuma rauninta, don wanda ya fasa bangon ɗakinsa yana iya kaiwa ga gidan duka.

Me ya sa ake son ƙunshin ya zama ƙarami?

Dalili na farko shi ne hanya. Ƙunshin Debian na yau da kullum ya haura mega 100, na Ubuntu yana wajen mega 80, na Alpine bai kai mega 10 ba, mafi ƙanƙanta cikin jerin distroless na Google kuma wajen mega 2 ne. A ɗaya gefen, cikakken ƙunshin Node.js mai ɗauke da kayan gini yana kaiwa kusan giga 1.

A yi lissafi. Idan rezo yana ba da megabit 2 a sakan, sauke giga 1 zai ci sama da awa ɗaya, in bai yanke ba. Ƙunshi mai mega 20 kuwa zai sauka cikin sakan 80. A Turai ba kowa ke kula da wannan bambanci ba. A nan kuwa shi ne tsakanin gyaran da aka yi da gyaran da aka ce sai gobe. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta yana biyowa ta ƙasashen maƙwabta, kuma mun gani ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, yadda rezo ya yi rauni a ƙasashe da dama. Mun kuma ga yadda kuran ya yi wuya bayan da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023. Duk ƙungiya ko ma'aikatar magajin gari da ta aje ƴar sabar a ofis tana aiki da hasken rana da batir, ta san darajar kowace mega da kowane minti. Ƙaramin ƙunshi ana ma iya kwafe shi a kile USB a Maraɗi da umarnin docker save, a kai shi Dakoro ko Korahane a mota, a ɗora da docker load, ba tare da rezo ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace manhaja da ke cikin ƙunshi bango ce da ke iya tsagewa. Cikakken Linux yana zuwa da ɗaruruwan kayan aiki: tagar ba da umarni, manhajar sauko da fayiloli daga intanet, manhajar girka sababbin kaya, da sauransu. Manhajar rajistar haihuwa ko ta lissafin magani ba ta buƙatar mafi yawansu. Amma ɓarawo yana buƙatarsu. Mai kutse da ya samu kafa, abin da yake fara nema shi ne tagar umarni, sannan hanyar sauko da nasa kayan. Idan ya shiga ya tarar ba ko ɗaya, aikinsa ya yi wuya sosai. Wanda ya bar tsani da guduma a tsakar gida ya rage wa ɓarawo rabin wahala.

Akwai riba ta uku. Duk kayan da ke cikin ƙunshi sai an riƙa bin labarinsa, a gyara shi idan an gano ɓaraka. Ma'aikatar da ke da injiniya ɗaya tak za ta iya kula da sassa 20, amma sassa 400 za su fi ƙarfinsa, har gargaɗin gaske ya ɓace a cikin tarin gargaɗin da bai shafi aikin ba.

Matakan haɗa ƙunshi mai aminci

Na ɗaya, a san asalin tushe. Docker Hub, babban rumbun ƙunshi na duniya, kasuwa ce da kowa ke iya baje kolinsa. A watan Mayun 2018 an cire wasu ƙunsoshi 17 da wani asusu mai suna docker123321 ya ɗora, bayan an sauke su sau miliyoyi. An cusa musu manhajar da ke satar ƙarfin sabar mutane tana haƙo kuɗin intanet na Monero. Saboda haka a ɗauki tushe daga masu manhajar da kansu ko daga jerin da rumbun ya tantance. Masu DHIS2, alal misali, wato cibiyar HISP ta jami'ar Oslo a Norway, suna wallafa nasu ƙunshin da kansu.

Na biyu, a raba wurin gini da wurin zama. Magini yana buƙatar shebur da baro da katakon hawa, amma idan ya gama ba ya barin su a falon mai gida. Tun fitowar Docker 17.05 a 2017 ana iya yin gini mataki biyu a cikin Dockerfile ɗaya: a gina manhajar a cikin babban ƙunshi mai kayan aiki, sannan a kwashi abin da aka gama kawai a sa a cikin ƙaramin tushe. Ga misali da wata ƴar manhajar rajista da aka rubuta da harshen Go:

FROM golang:1.22 AS gini
WORKDIR /aiki
COPY . .
RUN CGO_ENABLED=0 go build -o rajista
FROM gcr.io/distroless/static-debian12:nonroot
COPY --from=gini /aiki/rajista /rajista
USER nonroot
ENTRYPOINT ["/rajista"]

Layuka huɗu na farko su ne wurin gini, nauyinsa ɗaruruwan mega ne, kuma ana watsar da shi. Layuka huɗu na ƙarshe su ne abin da zai tafi sabar: fayil ɗaya a kan tushen da ba shi da tagar umarni. Ɗalibin kwamfuta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya gwada wannan a kwamfutarsa, ya auna nauyin ƙunshin biyu da idonsa.

Na uku, kada manhaja ta yi aiki da cikakken iko. A Linux akwai asusu mai suna root wanda ba a hana shi komai. Idan ba a faɗi wani abu ba, Docker da root yake tayar da kwantena. Layin USER da ke cikin misalin sama shi ne ke sauke manhajar zuwa matsayin talaka. Amfaninsa ya fito fili a watan Fabrairun 2019, da aka gano ɓaraka a runc, injin da ke tayar da kwantenoni, wadda ke ba mai ikon root a cikin kwantena damar fasa bango ya kama sabar. A wannan shekarar kuma masu bincike na Cisco Talos suka gano cewa wasu ƙunsoshin Alpine sun daɗe suna fitowa da asusun root marar kalmar sirri. Ana ƙara ɗaure kwantenar ta hanyar tayar da ita a yanayin karatu kawai, yadda ba wanda zai iya rubuta sabon fayil a jikinta, a kuma ƙayyade mata ƙwaƙwalwar da za ta ci don kada ta shaƙe maƙwabtanta.

Na huɗu, sirri ba ya shiga ƙunshi. Kalmar sirrin rumbun bayanai, makullin hulɗa da banki, makullin aika saƙon SMS, duk ana miƙa su ne lokacin tayar da kwantena, ba lokacin gini ba. An riga an faɗi dalili: hawan da aka rufe ba ya gogewa. A 2023 masu bincike a jami'ar RWTH ta birnin Aachen a Jamus sun duba ƙunsoshi sama da dubu 337, suka tarar kashi 8 da rabi cikin 100 suna ɗauke da makullan sirri da masu su suka manta a ciki. A watan Afrilun 2021 kamfanin Codecov na Amurka ya sanar cewa masu kutse sun samu makullinsa ne ta dalilin kuskure a yadda yake haɗa ƙunshin Docker, daga nan suka kai ga sirrin abokan hulɗarsa. Fayil ɗin .dockerignore yana taimakawa a nan, don shi ne jerin abubuwan da aka haramta wa shiga ƙunshi ko da bisa kuskure.

Na biyar, bayanan jama'a suna zama a waje. Kwantena abar yarwa ce: a kashe ta, a tayar da sabuwa daga ƙunshi, ba a yi asarar komai ba. Amma rajistar yaran Korahane ba abar yarwa ba ce. Ana aje bayanai a ma'ajiya ta daban, a riƙa kwafe su zuwa wani wuri, a kuma riƙa gwada mayar da kwafin don a tabbata yana aiki. Ƙofar rumbun bayanai, kamar lamba 5432 ta PostgreSQL, ba a buɗe ta ga intanet. Manhajar da ke buƙatarta kaɗai za ta gan ta.

Na shida, a buga hatimi. Kowane ƙunshi yana da laƙabi, kamar 1.22 ko latest, amma laƙabi ana iya ɗauke shi a liƙa wa wani ƙunshin. Abin da ba ya canzawa shi ne doguwar lambar shaida da ke farawa da sha256, wadda ake lissafowa daga abin da ke ciki. Ko harafi ɗaya aka taɓa, lambar ta canza. Wannan ita ce daidai da hatimin da ɗan duwan ke dubawa a ƙofar kwantena. Injiniya mai kula yakan rubuta lambar a Dockerfile, wasu kuma su ƙara sa hannu da manhaja kamar Cosign don a san wanda ya haɗa ƙunshin.

Ƙanƙanta kaɗai ba ta wadatar

Ƙaramin ƙunshi yana rage ƙofofi, amma ƙofar da manhajar ke buƙata dole ta zauna. A watan Disamban 2021 aka bayyana wata ɓaraka a Log4j, ɗan sashen da dubban manhajojin harshen Java ke rubuta tarihin aikinsu da shi. An ba ta maki 10 bisa 10 a ma'aunin haɗari, don da ɗan gajeren rubutu da aka aiko daga nesa mai kutse na iya sa sabar ta bi umarninsa. DHIS2 da Java aka rubuta ta, kuma masu ita sun fitar da gargaɗin gaggawa da gyara ga ƙasashen da ke amfani da ita. A irin wannan rana, tambayar da ke gaban kowace ma'aikata ita ce: a cikin ƙunsoshinmu, wanne ne ke ɗauke da wannan sashe? Wanda ke da jerin kayan da ke cikin ƙunshinsa, abin da ake kira SBOM, ya amsa cikin minti kaɗan. Wanda ba shi da shi ya kwana yana tono.

Wani darasin ya zo ranar 29 ga Maris na 2024, lokacin da injiniya Andres Freund ya bayyana cewa ya lura shiga wata sabar gwaji yana ɗaukar kusan rabin sakan fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar matse fayiloli da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe shekaru biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. An tare abin kafin ya shiga manyan fitowar Linux da galibin sabar ke amfani da su, amma ya nuna cewa guba na iya biyowa ta hannun da aka yarda da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙunshi yana tsufa. Wanda aka haɗa yau ba aibi, bayan wata shida an gano ɓaraka a sassansa ko da ba wanda ya taɓa shi. Akwai manhajojin bincike na kyauta, kamar Trivy da Grype, da ke buɗe ƙunshi su kwatanta kayan ciki da jerin ɓarakar da aka sani. Ƙa'idar ita ce a bincika kafin a ɗora, a sake bincikawa lokaci-lokaci, kuma idan an samu matsala kada a shiga cikin kwantena mai aiki ana faci. A gyara takardar girki, a sake gina ƙunshi, a maye gurbin tsohuwar. Sabar kanta, wato gidan da ƴan hayar ke ciki, ita ma sai an riƙa sabunta ta.

Inda ragewa ke da tsada

Rage kaya yana da nasa wahala. Ranar da manhaja ta ƙi aiki, injiniyan da ya saba shiga ta tagar umarni ya duba zai tarar ba taga. Sai ya koyi karanta tarihin aiki daga waje, ko ya yi amfani da zubin distroless na musamman da aka tanada don bincike, wanda ba a barinsa a kan sabar aiki. Alpine kuma yana amfani da wani ginshiƙi mai suna musl maimakon glibc da Debian da Ubuntu ke amfani da shi, don haka wasu manhajojin sukan yi gardama a kansa, musamman na Python masu sassan da aka riga aka gina. Wani lokaci zubin Debian da aka rage, mai laƙabin slim, ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi nauyi.

Babbar manhaja kamar DHIS2, mai buƙatar injin Java da Tomcat, ba za ta taɓa zama mega 2 ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne a sa injin gudanarwa kawai, a bar kayan rubuta Java a wurin gini. Ma'aunin ba yawan mega ba ne. Ma'aunin shi ne a ɗauki kowane abu da ke cikin ƙunshi a tambaya: mene ne aikinsa a nan? Wanda ba a samu amsarsa ba, a fitar da shi.

Abin da doka ta ce, da abin da mai ba da kwangila zai tambaya

Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirrin mutane a watan Mayun 2017, aka sabunta ta a watan Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kan aiki da ita. Akwai kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta watan Yulin 2019. Dokar farko tana ɗora wa duk wanda ke tattara bayanan mutane nauyin kare su. Wato ma'aikata, ƙungiya, asibitin kuɗi ko asusun adashi da suka ba wani kwangilar haɗa musu manhaja ba su sauke nauyin ba don sun biya.

Magajin gari ko shugaban ƙungiya ba sai ya iya rubuta Dockerfile ba. Ya isa ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya sa hannu, ya kuma nemi a rubuta amsoshin a cikin kwangila:

Daga wane tushe aka gina ƙunshin, kuma wa ya wallafa tushen?
Za a ba mu takardar girkin da jerin kayan da ke ciki, ko suna hannun ɗan kwangila shi kaɗai?
Manhajar da ikon root take aiki?
Ina kalmomin sirri suke, su wa suka san su, kuma za a canza su ranar da ma'aikaci ya bar aiki?
A wace ƙasa kuma a wace sabar bayananmu suke, ina kwafinsu, yaushe aka gwada mayar da shi?
Wa zai sake gina ƙunshin idan an gano ɓaraka, cikin kwana nawa, kuma da kuɗin wa bayan aikin tallafi ya ƙare?

Tambayar ƙarshe ita ce aka fi mantawa. Ayyuka da yawa a karkara suna zuwa da tallafin shekara biyu ko uku: a kawo kwamfuta, a ɗora manhaja, a yi bikin buɗewa. Tallafi ya ƙare, ƙunshin ya ci gaba da aiki a yadda aka bar shi, yana tsufa ba mai dubawa. Alhali kuwa daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin damina, alƙaluman da suka fito daga wurare irin su Korahane suna cikin abin da ake dubawa a san inda cutar ta tsananta da inda magani ya kusa ƙarewa. Kuɗin kula da sabar da sake gina ƙunshinta ya kamata su shiga kasafin kowace shekara, a layi ɗaya da man janareto da gyaran firijin allurai.